Layi Huɗu

Takardar neman izinin ta zo daga ofishin gunduma,
izinin yawo da bindiga a ɓoye ƙarƙashin riga.
Shafi tara. Na cike takwas kafin shayina ya huce.
Na taran ne ya zaunar da ni:
layi huɗu, fari fat,
a kawo mutum huɗu da za su rantse
cewa Lorna Pruitt ta san inda fushinta ke tsayawa.
Ban da dangin jini, in ji su, ban da na aure.
To, ai sun kori duk wanda ya san ni tun ina rarrafe.

Ƙarfe biyun dare nake rufe gidan mai
a hanyar da ta miƙe zuwa Utica,
ni kaɗai, da cinikin yini a jaka,
da dusar ƙanƙara har gwiwa.
Bara wani yaro ya nuna min bakin bindiga,
hannunsa ya fi nawa rawa.
Tun daga ranar da fitila nake kwana.

Na fara da Wendell Szabo mai gareji.
Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa ta kan shinge.
Ya san motata kamar yunwar cikinsa,
ya san ranar da birkinta zai mutu.
Ni kuwa, abin da ya sani ba na cin bashi.
Na rubuta shi.
Sanin shanu ya fi saurin yabo.

Sai Misis Abruzzo, wadda ta koya wa 'ya'yana lissafi.
Za ta sa hannu, har ta haɗa min da burodi,
amma in ɗan sanda ya buga mata waya
sai ta ba shi labarin daren da na jefi Dale da faranti,
tana dariya, don a wurinta abin dariya ne.
Farantin bai same shi ba, bango ya samu.
Tabon na nan bayan kalanda.
Da fensir na rubuta ta.

Fasto Greeley ranar Lahadi kawai ya san ni,
cikin rigar kirki, bakina cike da amin.
Shaidarsa ruwan sama ce a kan kwano,
ga ƙara, amma ba ta jiƙa ɗaki.
Shi ma ya shiga.

Saura ɗaya. Na san ko wace ce,
ina ta kewaye-kewaye
kamar mai neman makulli yana riƙe da shi.
Odessa.
Ita ta ɗaga ni daga daɓen banɗaki
a watan da aka binne Dale.
Ita ta kwashe ƙwayoyin barcina ta zuba a jakarta,
ba ta ce uffan ba,
har yau ba ta ce ba.

Ranar Talata na same ta tana yankan albasa.
Ta goge hannu, ta karanta har ƙananan rubutun ƙasa,
ta ce, "Lorna, wa kike tsoro, shi ko ke?"
Na ce, "Shi."
Ta ce, "Kullum?"
Agogon kicin ya yi ta surutu a madadina.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na ce, "Yawancin kwanaki."

Ta manna takardar a ƙofar firij,
kusa da lissafin kuɗin wuta,
ta ce in dawo Juma'a,
ta miƙo min wuƙa in ƙarasa albasar.
Mu biyu muka yi ta hawaye, kowa da hujjarsa.

Yau Alhamis.
Na kashe famfunan mai, na ƙirga canji sau biyu.
Wata mota ta rage gudu a bakin titi,
ta tsaya, ta yi tunani, ta wuce.
Makullin ya ƙi shiga ƙofa don sanyi.
Na hura masa numfashi
kamar yadda Dale ke yi.