Wuƙar Mahauci a Kulle

Shekara talatin da ɗaya ina mayankar Kaase,
kafin ladan ya gyara murya na raba ƙirji da cinya.
Sai ga kulle. Kumasi ta haɗiye harshenta.
Sai ga Fusena, 'yata, da abin awon jini,
ta ɗaure min damtse, ta dubi lamba,
ta dube ni,
ta naɗe igiyar a hankali.

Washegari tukunyarmu ta tuba.
Kontomire, ayoyo, yalo,
wake da ya kwana a ruwa,
daddawa tana riƙon ƙwarya a kujerar ƙashi.
Na laluba miya da yatsu har gindin kwano
kamar yaro mai neman kwabo a rafin Pelele.
Adiza ta ce, "Maigida, ba ya ciki.
Kar ka huda min kwano."

Wuƙar da bijimai ke jin sunanta su durƙusa
yau albasa take yanka,
kuma ni ke hawayen.
Ta taga labari ya zaga Aboabo:
wai kura ta fara kiwo.

Benenmu matakala goma sha bakwai ne.
Na haife yara shida a gidan nan ban taɓa ƙirgawa ba.
Yanzu jikana Mubarik ke zama a sama
da alli a hannu, yana zana sanda a bango:
hawa ɗaya, sanda ɗaya.
Ranar farko sanda biyu, da salati.
Gwiwa tana ƙara kamar ƙyauren shago.
Ranar tara, sanda shida,
na tsaya kan rufi tsakanin zannuwan shanya
ina kallon trotro kwance a tasha
kamar garken da ba mai saye.
Ladan ya ce a yi salla a gida.
Muryarsa ta karye a tsakiya, ya sake ɗauka.

Allurar ba ta ma iso ba, jita-jitarta ta riga ta kama ɗaki.
Dantani na turo min saƙon murya, bakwai kafin azahar,
kowanne da wani mai ihu da ban san ubansa ba.
Ni kuwa ban taɓa sayen sa a duhu ba,
sai na buɗe baki na duba haƙori.
Don haka na zaunar da Fusena kan turmi.

Na ce, yaya za ta nuna da wuri haka?
Naman da aka yi wa gaggawa, cikinsa ɗanye ne.
Na ce, da me ake haɗa ta, ta halatta?
Mai hawan jini fa? Mai azumi fa?
Adiza da sukarinta fa?
Ta amsa uku, tana zana min a ƙasa da tsinke.
Sauran ta ce, "Baba, ban sani ba tukuna. Zan tambayo."
Duk saƙonnin Dantani
babu wanda ya taɓa cewa bai sani ba.

Da dare ina shafa mai na taɓo tsohon tabo a kafaɗa,
lambar da aka yi min ina ɗan shekara biyar.
Inna ce ta ja ni layi a rana,
ta saya min koko bayan na gama kuka.
Ban san abin da ta tambaya ba ranar.
Na dai san ta tambaya, don Inna ko gishiri ba ta saya sai ta ɗanɗana.

Jiya lamba ta ɗan sauko.
Fusena ta yi murmushi a bayan takunkumi, na gani a idonta.
Ban gaya mata ba
akwai ɗan kilishi, faɗin tafin Mubarik,
a naɗe cikin tsohuwar hulata.
Ban ci ba.
Nakan buɗe in shinshina, in mayar,
sannan in tafi neman allin yaron nan.