Huhun Sa

Ladan bai gyara murya ba na iso kwata,
ni da jan bijimi mai farin goshi
da na ɗauko bashi a kasuwar Charanci
daga hannun Ɗan Barau dillali.

Yara suka kayar, Malam Abashe ya yanka,
jini ya bi lambatu yana tururi.
Ni na feɗe da hannuna.
Shekara talatin da huɗu wuƙata ba ta huda fata ba.
Kitse ya rufe ƙoda kamar kaɗa a kwando,
na ce a raina, Sada, yau kai ma ka yi goshi.

Sai ga Likita Hurera cikin takalman roba,
tocila a hannu, hatimi a aljihu,
yarinyar da na san ubanta yana auna gishiri a Ƙofar Guga.
Ta tsaga huhu.
Ta sake tsagawa.
Ƙuraje farare kamar an watsa tsakin dawa,
wuƙa na bi ta kansu tana ƙaras-ƙaras.
Ta duba kaluluwa, ta duba hanta, sannan ta dube ni.
Ta ce, Baba, tarin fuka ne, kuma ya gama jiki.
Hatimin bai fito daga aljihu ba.

Na ce a yar da huhun, saura ai nama ne.
Na ce wace cuta ce ta gagari garwashi?
Na ce wanda ya rubuta dokar nan a ƙarƙashin fanka
bai taɓa kwana da bashin sa a ka ba.
Ta bari na gama tsaf,
ta sa aka kawo kananzir.

Rami ne a bayan katanga.
Ina tsaye jarina ya sha ƙasa, shebur bayan shebur.
Ta cika takarda ta miƙo, wai akwai diyya.
Tana nan cikin hulata,
gumi ya cinye rabin sunana.

A zamanin babana abin da aka ƙi, ungulu ke gado.
Kan katangar nan suke jeruwa
kamar dattawa a zaman makoki.
Yau sai hoton guda ɗaya a bango,
an rubuta kar a kashe ta.
Doka ta iso bayan an gama sayar da kawunansu.

Da la'asar Mati ya same ni a gindin bedi.
Ya ce, wa ya aike ka kwata?
Ga bayan gidana, tsakar dare,
ba tocila, ba hatimi,
gari na wayewa nama na kan tebur, kowa ya saya ya yi godiya.
Ban ce masa i ba.
Kuma, Allah na gani, ban ce a'a ba.

Na shiga gida, Ladiyo ta riga ta ɗora tukunya.
Jikata Kuluwa ta sheƙo ta kama hannuna,
ta buɗe na dama, ta buɗe na hagu:
Kaka, ina huhun?
Don duk ranar yanka huhu ba na sayarwa ba ne,
na yara ne, da ɗan yaji da albasa.
Na ce yau babu.
Ta yi kukanta, ta yi barci a kan ƙafata.
Na daɗe ina jin numfashinta
yana shiga, yana fita,
ba abin da ya tare masa hanya.

Ban huce da takardar ba.
Ɗan Barau ya aiko sau biyu, na uku da kansa zai zo.
Amma ran kasuwa an yi mini dariya a kara:
masu saye na taɓa tozo, suna matsa cinya,
ga tsoho ya kifa kunne a haƙarƙarin sa,
ya rufe ido,
yana cewa a yi shiru.