Farcen Baduku

Shekara arba'in ina gyaran takalma
a kan tudun Cordillera, a Valparaíso,
inda matakala ke cin dunduniya
ta miƙo mini abincina.
Ban taɓa ɓata aikin kowa ba
sai da Merkén ya shigo shagon,
watansa uku a duniya, kunne ɗaya a tsaye,
ɗayan ya ƙi tashi.

Ran Talata ya cinye takalmin Doña Eulogia,
na hagu, wanda za ta sa ran bikin jikarta.
Na tarar da shi yana lasar baki,
igiyar na reto a gefen leɓe.
Na ɗaga murya, ya kaɗa wutsiya.
Faɗa da ɗan kwikwiyo ɗiban ruwa ne da kwando.

Na gangara kasuwa na sayo masa agwagwa
ta roba, mai usur a ciki.
Kafin jirgin yamma ya yi kuka a tasha
ya farke ta, usur ya ɓace.
Daren nan ban runtsa ba.
Na kara kunne a cikinsa kamar ungozoma.
Da asuba na ga abin a ƙarƙashin keken ɗinki,
na zauna daɓas, gwiwa ta ƙi ɗaukata.

Likita Quilodrán ta buɗe bakinsa.
"Dubi dasashin nan, ja wur.
Ba ɓarna ba ce, ƙaiƙayi ne.
Kai ma ka yi, mantawa ka yi."
Ta kama babban yatsana mai baƙin gam,
ta ce, "Ga ma'auninka nan.
Danna farce. In ya lotsa ya dawo, saya.
In ya ƙi, haƙori zai fasa.
Ƙaho da kofato, bar su can.
Ƙashin da ya ga wuta kuwa
tsagewa yake, ya koma allura a hanji.
Duk abin da bakinsa zai rufe a kai
ya yi ƙanƙanta."

Ni da na san fata tun ban fi teburin aiki tsawo ba,
ga ni ɗalibi a kantin Don Nibaldo
ina latsa kaya kamar mai zaɓen tumatir.
'Yar tsana mai idon maɓalli:
na taɓa idon, ya yi motsi, na mayar.
Igiya mai zubar da zare, na mayar.
Wani ƙwallo mai warin kananzir,
ko hancina bai yarda ba.
Ɗinki na duba, nan ne gonata,
inda aka haɗa biyu, nan ake rabuwa.
Sai na ɗauki dunƙulen roba guda,
ba haɗi, ba fenti, da rami a tsakiya,
ya fi bakinsa faɗi.
Nibaldo ya faɗi kuɗin.
Dunduniya shida ke nan sai na buga.
Na tuna agwagwa. Araha ba ta ado. Na biya.

Yanzu yana kwana a firji, kusa da man shanu.
Da safe in miƙa masa da sanyinsa,
ya riƙe da ƙafa biyu, ya lumshe ido.
Ina buga ƙusa, yana gurgura,
kowa da aikinsa.
Da dare in juya robar a ƙarƙashin fitila
ina neman tsaga, yadda nake duba tafin takalmi.
Ranar da ta fara ɓarewa, ranar za ta bar gidan.

Jiya ina shara na tsinci haƙori,
bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Na ajiye shi a gwangwanin ƙananan ƙusoshi.

Doña Eulogia ta zo karɓar sabon na hagu.
Ta gwada, ta taka, ba ta ce komai ba.
A bakin ƙofa ta sunkuya ta shafa kunnen da ya ƙi tashi,
amma ta ɗaga jakarta sama.