Macijiyar Tukunyar Fure

A Mannuthy, bayan ruwan kwana uku,
Sarasamma ta juye tukunyar dashen masoro,
sai ga wani baƙin zare yana mutsu-mutsu a tafinta.
"Tana ce," in ji jikanta Vinu.
"Duba da kyau, ɗan nan.
Tun yaushe tana ta yi harshe?"

Ga shi kuwa, siriri kamar silin gashi,
ya leƙo, ya ɗanɗani iska, ya koma.
Jiki sumul, sai ƙyalli,
kamar igiyar takalmi da ta sha man kwakwa.
Tsawonta bai cika taƙi ba.
Kai da wutsiya kamar an tsaga kara,
sai ta motsa ake sanin ina ne gaba.

Idanu? Ɗigo biyu ne a ƙarƙashin fata,
ba su san fuska ba, ba su san launi ba,
iyakar maganarsu: nan da haske, koma ƙasa.
A can, inda saiwa ke lalube,
take bin warin sawun tururuwa
har cikin ɗakin renonsu,
ta haɗiye ƙwai ɗai-ɗai, ba tauna,
masu gida na cizo, sulkenta bai san ana yi ba.

Ba ta da dafi. Makaminta ƙayar wutsiya,
ta caki tafin tsohuwar, ko jini bai fito ba.
Sarasamma ta yi dariya:
"Ƙarfinki ke nan duka?"

Ba a taɓa ganin namijinta ba.
Ita kaɗai take ajiye ƙwai, kamar tsabar shinkafa,
mata su fito, su ma su haifi mata,
kowace kamar uwarta ta sake dawowa.
Ɗaya tak ta ishi tsibiri.

Motar kaya ta yi ham a bakin lambu.
Tukwane ɗari biyu za su Kochi,
daga can sai teku,
wataƙila har garin da uwar Vinu
take juya marasa lafiya a gadon asibiti,
shekara shida, murya kawai a waya.

Tsohuwar, da ba ta taɓa wuce Thrissur ba,
ta tona rami da ɗan yatsa,
ta saki zaren, ya nutse kamar ruwa a rairayi.
Ta danna ƙasa a hankali.
"Ɗauki wannan, Vinu.
Riƙe ta da hannu biyu."