Gado Huɗu a Hanyar Maigatari

Shekara huɗu na yi ina koyon shimfiɗa zanin gado,
yadda kusurwa za ta tsaya cak kamar bakin takarda,
inda cokali ke zama, inda kofi ke zama,
da murmushin da ba ya gajiya ko da ƙafa ta gaji.
Riɗin Baba na damina uku ya tafi a kuɗin makaranta,
ya ja tunkiyar Inna mai baƙin kunne suka tafi tare.

Ran da na kawo takardar
Baba ya riƙe ta nesa da ido, ya ce in fassara.
Na ce ilimin saukar baƙi ne.
Ya yi shiru har kaza ta tsallake tabarma.
"Tasi'u," ya ce, "kakanka Ilu
shekara arba'in yana saukar fatake a zauren nan,
bai san ko bihim ba."

Na shiga Kano da takalmin aro.
Otal bakwai, amsa ɗaya:
sai wanda ya taɓa yi shekara biyu.
To ina zan taɓa, tunda ba a bar ni na taɓa ba?
Na takwas ya ba ni wankin kwanuka.
Manajan ɗan ƙanwar mai gidan ne,
bai san zanin da aka goge da wanda aka kwana a kai ba.
Albashi kan mutu tun sha takwas ga wata.
Wata biyar, omo ya cinye min yatsu,
na hau motar Gumel.

Mu talatin da ɗaya ne a aji.
Hambali na cajin waya a tashar Haɗeja.
Zulai na toya cincin na biki, ita ta fi mu duka.
Sabi'u na Abuja yana buɗe wa manya ƙofa,
yana turo hotonsa da jar hula,
bai taɓa turo hoton inda yake kwana ba.

A garinmu kuwa kalmar otal
ba a furta ta gaban surukai.

Sai wata Laraba da dare, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
motar masu sayen shanu ta kafe a bakin gari.
Na tarar da su ƙarƙashinta a takure,
kowa hannunsa na kan ɗamarar kuɗinsa.
Na share zauren Ilu.
Ruwan zafi a bokiti, shayi da citta,
gidan sauron da aka raba mana a asibiti.
Da asuba na ga kuɗi ƙarƙashin buta,
babbansu yana ɗaura agogo yana tambaya
cikin Hausarsa ta kasuwa: "Sati mai zuwa akwai wuri?"

Yanzu gado huɗu ne, da fitilar sola,
da littafin da nake rubuta shiga da fita.
Masauki na rubuta a allon.
Liman ya zo ya leƙa kowane lungu,
ya sha shayi kofi biyu, ya yi addu'a.
Daren kasuwa har ƙasa ake kwana.
Sauran kwana shidan ni da ƙadangaru ne,
sai in ɗau fartanya.
Tunkiyar Inna dai ban biya ba tukuna.

Jiya Baba ya shigo bayan baƙi sun fita.
Ya kama kusurwar zanin ya ja,
ya sake ja, ba ta motsa ba.
"Ilu bai iya wannan ba," ya ce.
Ya dubi hanya.
"Amma shi har gindin tsamiya yake raka baƙo."

Na zura takalmi, nawa na kaina,
na bi bayansu da gudu.