Malama Jim

A Wad Madani, bene na biyu,
ɗakin mujallu, fanka ɗaya tana tsaki.
Ammu Awad ya karɓi katina, ya ce,
"Wane fanni kike nema, 'yata?"
Na ce, "Na yara."
Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace:
"Nan ba a ajiye yaro sukutum."

Ashe watanda suka yi da shi.
Mai koren bango ta ɗauki ƙwaƙwalwa,
ta manhaja ta kwashe jakarsa da littattafai,
ta awon jarrabawa tana riƙe da sikeli
kamar mai sayar da riɗi a kasuwar Sinnar.
Kurame da makafi an ba su kanta guda
can ƙasa, inda sai ka durƙusa.
Ta tsarin mulkin makarantu ko kallon yaron ba ta yi,
kujeru take ƙirgawa.

A ta harshe na tsinci kaina,
shafi na tamanin da huɗu.
"Wata makaranta a gaɓar Shuɗin Nilu," in ji ta.
Mai Wurno ce. Na gane ƙofar da ba ta rufuwa.
"Malama Jim, shekara sha tara a bakin aiki."
Ni ce, Tasalla 'yar Gambo,
an aske min suna saura harafi ɗaya mai ɗigo a ciki.

Na tuna Dakta Mahasin.
Kwana tara ta yi a bencin baya,
tana shan zoɓon da na kawo a gora,
tana kallon agogo, tana ɗiga alƙalami.

"Kashi sha bakwai cikin ɗari ba sa buɗe baki."
Kayya, Dakta, ai na san kashin nan da sunansu.
Intisar ce, da Hausa ta kwana,
da safe a ce ta tashi da Larabci.
Babikir ne, ya raba dare yana ba albasa ruwa,
barci yake biya bashi, ba wauta ba.
Jadawali ba shi da gurbin albasa.

Na so in rufe, raina ya ɓaci.
Sai idona ya faɗa kan layin ƙasa:
"Malamar ta kira ɓangaren dama sau ɗari da shida,
ɓangaren taga sau goma sha ɗaya."

Wuta ta ɗauke. Fanka ta yi shiru.
Na zauna da zufa da wannan lissafi.

Taga. Inda rana ke kashe min ido,
inda na saba juya ƙeya ban sani ba.
Intisar a nan take zama.
Shekara sha tara ina sharar ɗaki,
sai baƙuwar kwana tara ta ɗaga tabarma.

Na'urar kwafi ta mutu tun azumin bara,
na kwafe layin da hannu a bayan tikitin mota.
Ammu Awad ya leƙo, ya ce,
"Ke ce ta farko da ta buɗe wannan fitowar,
ga shafukan ma ba a gama raba su ba."
Ya miƙo min wuƙar takarda.

Gobe in Allah ya kai mu, motar asuba zan bi.
Zan rataya tsohon zanena a tagar nan,
in tsaya a inda ban saba tsayawa ba,
in kira Intisar, in jira,
ko da wane harshe amsar ta zo.

Ke kuma Dakta, in kin sake biyowa,
ki kwana goma.
Na goman mu je gonar albasa.