Sandar Tawadar Tsoho Pei

Sau uku na je babban birni jarrabawa,
sau uku aka kafe sunaye a jikin ganuwa,
na bi da yatsa daga sama har ƙasa:
babu Shan Bowen.
Littafi ɗari a kaina, cikina ba ko loma.

A hanyar komawa, bayan kogin Huai,
dusar ƙanƙara ta toshe mashigin dutse.
Na hangi hayaƙi, na bi hayaƙi,
ya kai ni bukkar mai haɗa tawada,
Tsoho Pei, baƙi ƙirin har gwiwar hannu,
haƙora huɗu, dariya cike da baki.

Bai tambayi ɗan wane ne ni ba.
Ya miƙo kunun gero, ya miƙo taɓarya:
"Baƙon kwana ɗaya a ba shi shimfiɗa,
na wata uku kuwa, ga turmi."

Nan na koyi ƙona icen dutse a hankali,
da share kunkunniya da gashin kaza.
Ta nesa da wuta ita ce mai laushi,
ta kusa da wuta a bar wa marina.
A kwaɓa da danƙon fatar barewa,
a daka, a daka,
dubu goma kafin a ce an fara.
Tafin da bai san komai ba sai alƙalami
ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi.

Na ce, "Baba, yaushe take isa?"
Ya ce, "Ran da ka daina ƙirga."

Wata safiya ya shinshina sanduna sittin
da muka kwantar cikin toka tun farkon sanyi.
Ya ɗaure fuska. Danƙon ya yi tsami.
Ranar hanya ta buɗe, falke ya iso daga Luoyang
da azurfa a hannun riga.
Ya juya su, ya yaba, ya taya.
Ido ba ya ganin aibin,
sai an shekara biyu rubutun zai koɗe.
Na taka ƙafar tsoho a ɓoye:
geronmu saura mudu ɗaya.

Ya kwashe su duka,
ya fasa ƙanƙarar rafi, ya zuba.
Falke ya tafi yana zagi.

Da dare na kasa haɗiyewa: "Wa zai sani?"
Ya daɗe yana gyara wuta.
"Wata tsohuwa za ta sayar da kazarta
a rubuta wa ɗanta mai gadin iyaka.
Takardar za ta yi wata takwas a hanya.
Zai ɗaure ta a ƙirji, yana buɗewa in kewa ta ciwo shi.
Ran da ya buɗe ya tarar da fari fat,
ni na kashe masa uwa tun tana da rai."

Na yi maza na rubuta maganar, na nuna masa.
Ya riƙe takardar kai ƙasa,
ya kai ta kusa da fitila.
"Baƙin ya zauna," in ji shi.
Sai a daren na gane
ko harafi ɗaya bai sani ba.
Shekara hamsin yana yi wa kalmomi takalmi,
bai taɓa bin su tafiya ba.

Da itatuwa suka fara toho, ya raka ni gada,
ya sa mini sanda ɗaya a hannu:
"Ba ta rubutu sai ta ragu.
Kai kuma so kake ka cika ka tumbatsa."

Yau shekara talatin ke nan.
Ban koma duba ganuwar nan ba.
Ina koyar da 'ya'yan manoma in an gama girbi,
ranar kasuwa in zauna gindin tsohuwar bishiya
ina rubuta wa mutane wasiƙa.
Sandar ta dawo kamar farcen babban yatsa.
Ba na goga ta don takardar bashi ko ta gona,
sai in tsohuwa ta zo, ta tsuguna,
ta ce, "Rubuta masa ina lafiya.
Kar ka faɗi zancen tarin."